Kujerar da Baba ya ƙera wa gwiwata

Assalamu alaikum Anti. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimaka da wuri, domin kwana goma sha biyu suka rage mini. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba. A waya nake dannawa kaɗan-kaɗan, yau kwana uku ina haɗa wasiƙar nan duk lokacin da Baba ya sauka ƙasa.

Ni mai sa tayil ne, shekarata ashirin da bakwai. Aikinmu a durƙushe ake yin sa tun safe har yamma, wanda ba shi da gwiwa ba shi da sana'a. Wata uku da suka wuce muna aiki a wani bene, na saɓo kwalin tayil biyu ina saukowa a matakalar da ba a gama ba, sai na taka tsakuwa. Jikina ya juya, ƙafar ta tsaya inda take. Na ji abu ya katse a cikin gwiwa kamar igiyar shanya. A asibiti suka ce jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ce ta tsinke. Aka yi mini aiki, yau mako bakwai ke nan.

Ba ni da mata, ɗakin haya nake tare da abokan aiki biyu, su kuma tun asuba suke fita. Yayata tana gidan mijinta a ɗaki ɗaya da 'ya'ya huɗu. Mahaifiyarmu ta rasu shekara biyar ke nan. To sai Baba ya ce a kawo ni wurinsa. Ya kamata ki san ni da Baba ba mu saba ba. Tun ina ɗan shekara goma sha bakwai na bar shagonsa, daga nan tsakaninmu sai ina kwana, ina wuni, shi ke nan. Kafinta ne, kuma a zamaninsa duk layinmu babu ƙofar da ba hannunsa ba. Shekara uku da suka wuce hawan jini ya buge shi, ɓarin hagu ya taɓu. Ya tashi, amma hannun yana rawa, ƙafar yana jan ta. Ya rufe shagon. Kullum sai ya sa kujera a bakin ƙofar da ya rufe yana kallon masu wucewa, idan aka gaishe shi ya ɗaga hannun dama kawai.

Ɗaki biyu ne a saman shagon, matakala goma sha huɗu. A nan nake kwance.

Anti, mutumin nan ya yi mini abin da ban taɓa zato ba. Shi ke kawo bokiti, shi ke fitar da shi. In zan yi wanka sai ya ɗaure mini leda a kan ciwon, ya zaunar da ni a kan benci, ya juya fuskarsa bango yana miƙo mini ruwa ta baya. Ƙafar da ba na iya kaiwa shi ke wanke ta, har tsakanin yatsu, da hannun nan mai rawa. Magani a murfin kwalba yake jera mini, ya tsaya sai ya ga na haɗiye. Tun ina yaro hannunsa bai taɓa sauka a jikina ba sai in duka ne. Ranar farko da ya riƙe tafin ƙafata ban san inda zan sa idona ba.

Makon farko ciwo ya hana ni sakat, musamman in ƙafar tana miƙe. Sai na naɗe wandon aikina na cusa a ƙarƙashin gwiwar, na ji sauƙi. Ban ce masa komai ba, amma Baba ba ya rasa ganin abu. Kwana biyu yana kallon wandon. Rana ta uku ya shigo da tef, fensir a bayan kunne. Ya auna daga diddige zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa cinya, ya auna tsayin wandon da na naɗe, ya rubuta a bayan kwalin magani, ya fita. Can sai na ji ƙarar zarto daga ƙasa. Shekara uku ba a ji ƙarar nan a gidan ba. Ya ja sau biyar ya tsaya, ya ja sau biyar ya tsaya, ina kwance ina ƙirgawa. Kwana huɗu ya yi a kai.

Abin da ya hawo da shi katako biyu ne da suka haɗu a sama kamar rufin ɗaki, ya sa soso, ya lulluɓe da yadin tsohon labule. Babu ƙusa ko ɗaya, haɗi ne ya shiga cikin haɗi. A babban yatsansa akwai filasta inda zarto ya taɓa shi. Ya ɗaga ƙafata a hankali ya ɗora, gwiwar ta zauna a kan tudun kamar da ita aka halicce shi. Ranar na yi barcin da ban yi ba tun da aka fito da ni daga ɗakin tiyata. Da Yaya ta zo ta gani, ta ce oh, ashe har kujera aka yi wa mai girma gwiwa, mu da muke da gwiwa biyu ko tabarma ba a ba mu ba. Baba ya yi dariya har da tari. Sunan ya bi abin, kowa kujera yake ce mata.

Duk wanda ya zo duba ni, sai Baba ya ɗaga ƙafata ya zaro kujerar ya nuna masa haɗin, ya ce a nemo ƙusa in za a samu. Mai shagon gyaran waya na kusa da mu ya gani, ya ce ko Baba zai duba masa ƙofar shagonsa. Ya duba. Wata mata ta aiko da kujerun yara biyu. Yanzu ɓari ɗaya na ƙofar shago a buɗe yake wuni. Baba ya koma aske gemu yana gyara shi, yana cin abinci har ya nemi ƙari.

Mako biyar da 'yan kwanaki gwiwata tana kan kujerar nan, dare da rana.

Za ki ce ba a yi mana bayani a asibiti ba? Ƙila an yi. Ranar sallama kaina yana juyawa, Baba kuma ya fita neman mota. An ba mu takarda da Turanci, tana cikin ledar magani har yau. Da aka cire zare aka ce in je sashen gashin ƙashi, aka ba ni rana. Ranar ta zo daidai da jinin Baba ya hau, yana kwance, ni kuma ba na iya sauka matakala ba tare da shi ba. Muka rasa ta, aka sake ba mu wata mai nisa.

Kwana tara da suka wuce muka je. Baba ya zauna a bencin waje riƙe da takalmina. Ma'aikaciyar ta kwantar da ni ta ce in miƙe ƙafa. Na miƙe iya ƙarfina. Ta dunƙule hannunta ta tura ta ƙarƙashin gwiwar, ya wuce ya fita ta ɗaya ɓarin bai taɓa komai ba. Ta dube ni ta ce me nake sawa a nan in na kwanta. Na ce matashin kai. Ta ce wa ya ce in sa. Na ce ni na sa wa kaina. Ta yi mini faɗa sosai, har ta ce ƙato da ni amma ina lallaɓa ƙafa kamar jariri. Sai ta tambayi sana'ata. Da na faɗa mata, ta ce to ai na fi ta sanin siminti, yadda aka bar shi haka yake bushewa, kuma tawa gwiwar ta fara kamawa a lanƙwashe. Ta ce daga ranar kada komai ya sake shiga ƙarƙashin gwiwar. In naɗe tawul in ɗora diddige a kai, gwiwar ta rataya a iska tana sauka da nauyinta, sau da yawa a rana, wani kuma ya riƙa dannawa a hankali yadda ta nuna mini. Ta ba ni mako uku. In ba ta ga canji ba, sai likita ya duba ko za a mayar da ni tiyata, kuma ko an mayar ba ta yi mini alkawari ba. Ta ce tana da mutanen da suka tafi da ɗingishi har abada a kan abin da bai kai wannan ba.

Da na fito Baba ya tambaye ni me aka ce. Na ce an ce ana samun sauƙi. Ya durƙusa ya sa mini takalmi.

Tun ranar abin da nake yi ke nan. In ya sauka shago sai in zare kujerar in ɗora diddige a kan tawul. Ciwon kamar ana zare mini jijiya da filaya, amma ba shi ne damuwata ba. Damuwata ba ya jimawa. Minti goma, sha biyar, sai in ji shi a matakala. Na san tafiyarsa, dama ta taka, hagu ta ja, kuma a mataki na tara yake tsayawa ya huta. Kafin ya gama hutawa na mayar da kujerar na rufe ido. In na haɗa duka a wuni ba ya cika awa ɗaya, sauran awa ashirin da uku gwiwar tana kan tudu.

Na gwada dabara. Rannan na bar ta a ƙasa da gangan, na ce tana ɗan danne ni. Ya ɗauka ya sauka da ita, ya ƙara soso. Ta dawo ta fi da tsayi. Na ce tana sa ni gumi, ya huda mata ramuka shida a jere don iska ta shiga, har ya goge bakin kowane rami. Yanzu tsoron buɗe baki nake, duk ƙorafin da na yi sai ya zame masa aikin yini, ya hawo yana murna.

Kullum da safe ina aunawa. Ina miƙe ƙafa a kan daɓe in tura yatsu ƙarƙashi. Ranar da muka dawo yatsa huɗu ne. Yau ma huɗu ne.

Na faɗa wa Yaya a waya. Ta yi salati, ta yi kuka, sannan ta ce in rufa mata asiri in yi shiru, in Baba ya ji jininsa zai hau ya faɗi, kuma wannan karon ba zai tashi ba, ni zan ɗauki alhakin? Ta ce in karya kujerar in ce faɗuwa ta yi. Na ce Yaya kin manta wanda ya yi ta, ko mota ta bi ta kai ba za ta karye ba, in ma ta karye kafin azahar ya haɗa wata. Ta ce to in daure, Allah zai kawo mafita.

Ba ta san abin da na sani ba. Dalilin barina shago, wani ɗan benci ne na yi, na farko da na yi ni kaɗai. Ƙafa ɗaya ta gaza sauran da abin da bai kai kaurin farce ba. Baba ya ajiye shi a daɓe ya taɓa, ya ga yana rawa, sai ya ɗauki guduma ya farfasa shi a gaban masu saye. Ya ce aikin da ya karkace ba ya fita daga ƙofarsa. Ba ni kaɗai yake yi wa haka ba, na sha ganin ya farfasa nasa. To yanzu in ya ji cewa aikin da ya karkace a hannunsa ƙafar ɗansa ce, me zai farfasa? Ni fa ba faɗansa nake tsoro ba. Tsoro nake ya rufe ɓarin ƙofar nan ya koma zaman bakin ƙofa yana ɗaga wa mutane hannu, ko abin da Yaya ta faɗa ya tabbata.

A wurin aikinmu akwai wani dattijo mai lanƙwasasshiyar ƙafa. Da shi ma mai sa tayil ne, an ce ƙwararre. Yanzu shi ke kwaɓa siminti yana share ƙasa in mun gama. Kwanan nan shi nake ta gani a raina.

Anti, ni mai haƙuri ne, duk wanda ya san ni zai shaida. In kin ce in haƙura da ƙafar don tsohon nan ya ƙarasa kwanakinsa da farin ciki, zan gwada. In kuma faɗa masa ne, ki koya mini ta ina zan fara, don na buɗe baki ya fi sau goma, sai in ga filastar nan a yatsansa in tambaye shi ƙarfe nawa.

Naki,
Mai tayil

*

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Saboda ƙurewar lokaci na tura maka wannan amsa ta waya ranar da wasiƙarka ta iso, ina kuma buga ta a nan don wasu su amfana.

Ba zan ce ka haƙura da ƙafarka ba. Ka faɗa wa Baba, kuma kada ya wuce gobe. Haƙurinka abin yabo ne a wurare da yawa, amma a nan kowace ranar da ka yi shiru daga ƙafarka ake cire ta.

Tsoron yayarka ba na banza ba ne. Mutumin da hawan jini ya taɓa bugewa ba a jefa masa magana kamar dutse, kuma gaskiya ne kujerar nan ta tashe shi tsaye. Zai ji ciwo, babu yadda za ka jera kalmomi da zai hana hakan. Amma ka duba ɗaya ɓarin. Kai da bakinka ka ce Baba ba ya rasa ganin abu. Mutumin da ya lura da naɗaɗɗen wando, kana ganin ba zai lura da ɗansa yana ɗingishi wata shida ba? Zai tambaya, wani zai faɗa masa, a lokacin da babu sauran gyara. Ranar zai ji abu biyu a tare: cewa aikinsa ya cuce ka, da cewa kun sani kuka bar shi yana ƙara soso. Na farkon ya yi shi cikin rashin sani, kuma zai iya yafe wa kansa in yana da abin da zai yi a kai. Na biyun shi ne wanda ba na jin zai iya ɗauka.

Ga yadda nake gani. Kira Yaya ta zo da safe, bayan ya ci abinci ya sha maganinsa, yana zaune. Ka fara da abin da yake gaskiya: kai ka fara cusa wando, shi sauƙinka ya gani ya bi. Ka faɗa masa barcin da ka samu a kan kujerar, shi ma gaskiya ne. Sannan ka faɗi abin da ma'aikaciyar ta ce, duka, har da kwanakin da suka rage, har da cewa ka ɓoye masa don tsoro. Kada ka ce masa ba komai, zai gane lallashi ne, kuma mai sana'a irinsa lallashi ya fi zagi yi masa zafi. In ya yi shiru ka bar shi. In ya sauka ya rufe shago kwana ɗaya ko biyu, ka bar shi, Yaya ta riƙa leƙa shi. In kun ga bakinsa ya karkace, ko maganarsa ta sarƙe, ko hannu ya saki, asibiti nan take, ba jira.

Kada ka jira ranar da aka ba ka. Ku koma sashen gashin ƙashi cikin kwana biyun nan, da kujerar a hannu, kuma wannan karon Baba ya shiga ciki, ba zaman benci ba. Ka gyara maganar da ka yi wa ma'aikaciyar. Tana lissafi ne a kan cewa tun ranar kana bin umarninta, alhali ko awa ɗaya ba ka cikawa a wuni. In ta ga yatsa huɗu ba ta san dalili ba, za ta yanke hukunci a kan ƙarya. Ku tafi da takardar nan ta Turanci a karanta muku. Ka roƙe ta ta nuna wa Baba da hannunta inda ake dannawa da iya ƙarfin da ake sawa. An ce kana buƙatar mai danna maka sau da yawa a rana, kuma ba ka da kowa sai shi. Wannan aiki ne na gaske da ƙafarka ke jira. Sai dai a ja masa kunne, mutumin da ke jin ya yi laifi yana iya wuce gona da iri wajen gyara, kuma gwiwa ba katako ba ce. Iya abin da aka nuna, kada a ƙara.

Akwai abin da ba ka rubuta ba amma na ji shi a wasiƙarka. Shekara goma kana jiran uban da zai riƙe ƙafarka, ka same shi, kana tsoron magana ɗaya ta mayar da shi na da. Ba zan rantse maka ba za ta yi ba. Amma zaman da kake yi yanzu, kana sauraron matakala kana rufe ido, shi ma nisa ne tsakaninku, kuma kullum ƙaruwa yake.

Ni ba likita ba ce, ba zan ce maka ƙafar za ta miƙe sarai ba, ko za ka koma durƙuso kamar da. Wannan ka tambayi likitanka kai tsaye, ka ce ya faɗa maka ba ɓoye-ɓoye. Abin da na sani, kwanakin da suka rage suna da amfani in an yi aiki da su cikakku. Daga lokacin da ka gama karanta wannan, kujerar ta bar ƙarƙashin gwiwarka, ko ya hawo ya gani kada ka mayar.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar buɗe baki, ya sanyaya wa Baba abin da zai ji, ya tashi kafaɗunku ku biyu. Ka gaishe mini da Yaya, ka ce ta zo da wuri.